Sunayen da Tsohuwar Kamara Ke Tsallaka Iyaka da Su

Ɗan ƙanwata mai ɗaukar hoton biki ne. Wata rana da yamma ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Kawu, duba min nan. A sama sun rubuta mint, a ƙasa kuma sun ce akwai ɗan hazo a ciki. Wanne zan kama?" Gilashin kamara ne wani ɗan kasuwar Japan ya saka a eBay, kuɗinsa bai kai rabin na sabo ba. Yaron bai taɓa shi ba, bai ɗaga shi a rana ya leƙa ba, ba kuma zai yi hakan ba sai kuɗinsa sun fita. Abin da ke hannunsa hotuna kaɗan ne da kalmomi. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, amma wannan kasuwa ɗungurungum a sama take, kuma igiyar da ake riƙe birin da ita suna ce kawai. Shi ya sa na zauna na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da namu. Muna cewa kayan gwanjo, kalmar da muke tarayya da Yarbawa, su suna cewa gbanjo, kuma asalinta ciniki ne na wa-ya-ƙara a bainar jama'a. Muna cewa kwance, muna cewa ta hannu. Sai sunayen da suka shigo da kayan ƙetare: tokunbo, wanda a Yarbanci suna ne da ake raɗa wa yaron da aka haifa a hayin teku, aka mayar da shi kan mota da firji, ɗan Beljiyam, saboda motocin da ake lodawa a tashar ruwan Antwerp, ɗan Kwatano, saboda tashar da ake sauke su, da kuma "London used" na masu waya. Waɗannan na ƙarshe duk gari ko hanya suke faɗa. Babu wanda ya ce komai a kan lafiyar kayan. Mun ɗauka cewa abin da Bature ya yi amfani da shi ya fi wanda ɗan'uwanmu ya riƙe, har sunan wurin ya zama shaida. Ga mai sayen riga wannan na iya wadatarwa, tunda zai ɗaga ta ya duba. Ga mai sayen kamara daga nesa, ba ta kai ba.

Ita kalmar mint daga gidan buga tsabar kuɗi ta fito. Masu tara tsofaffin sulalla a Turai ne ke kiran kwabon da bai taɓa yawo a hannun mutane ba da wannan suna, wato yana nan kamar ranar da ya fito daga maƙera. Mu ma mun san ta, don ita ce ake faɗa wa sababbin takardun naira da ake nema lokacin biki. Ma'anarta ke nan: abin da hannu bai taɓa ba. To ta yaya gilashin da ya shekara talatin, har hazo ya kwanta a cikinsa, zai amsa wannan suna? Abin da ya faru shi ne kalmar ta sha hannu har ta koɗe. Da kowa ya kira kayansa mint, sai aka ƙirƙiro "near mint", aka ƙirƙiro "top mint", aka ɗauki "excellent" aka jera mata alamar tarawa har biyar. Mai saye ya ga alamomi biyar ya zaci ƙololuwa ce, alhali a tsanin masu tallar tana ƙasa da "near mint". Babu hukumar da ta tsara wannan tsani. Kowane mai shago da nasa.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, a cikin Japan ɗin kanta ba haka ake magana ba. Kayan hannu sunansu chuko, haruffa biyu masu nufin tsaka da tsufa, abin da ya kama hanyar tsufa bai ƙarasa ba. Manyan shagunan Tokyo, irin su Map Camera da ke Shinjuku, suna da matakai da mai saye ya san nauyin kowanne: shindohin, daidai da sabo, bihin, mai kyan gani, ryohin, mai nagarta, namihin, gama-gari, nan-ari, mai aibi, sai janku a can ƙasa, wanda aka aro daga kalmar Ingilishi ta tarkace. Janku ba lallai ne ya lalace ba. Abin da shagon ke cewa shi ne ba ya lamunin komai, kuma in ka ɗauka babu dawowa. Ina girmama wannan kalma. Mutumin da ya rubuta ta a kan kayansa ya yarda ya rage kuɗi don kada ya rage gaskiya. Haka kamfanin KEH na jihar Jojiya a Amurka, wanda ke wannan sana'a tun 1979, yake da mataki da ya kira "bargain", wato araha, da wani a ƙasansa da ya kira "ugly", mummuna ke nan ƙarara. Shagon da zai iya ce wa hajarsa mummuna, in ya ce wata kyakkyawa ce sai ka saurare shi.

Aibin gilashi ma sunaye gare shi, kuma a nan ne mai saye ya fi bukatar kunne. Akwai abin da Japanawa ke kira kabi, wato funfuna: halitta ce mai rai da ke yaɗo kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin idan ya daɗe a wuri mai laima da duhu, in ta jima kuma sai ta cinye shafen da ke fuskarsa, ko an goge tabon na nan. Damina a Japan tana da laima ƙwarai, shi ya sa masu kamara a can ke ajiye kayansu a akwatin busarwa. Akwai kumori, asalinta lumshin gajimare, wanda mu kalmarmu ta hazo ta fi dacewa da shi, don hoton da aka ɗauka da irin wannan gilashi yakan fito tamkar safiyar hunturu a Kano, komai na nan amma babu kaifi. Sau da yawa tururin man da ke cikin gilashin ne ya kwanta. Akwai kuma rabuwar balsam: a da, da ƙaron wata bishiya ta Kanada ake manne gilasai biyu su zama ɗaya, in ƙaron ya tsufa sai su fara saki daga gefe. Yau an koma wani manne, amma sunan ƙaron bai bar bakin masu gyara ba. Ƙura 'yar kaɗan ba ta hana hoto kyau. Hazo da funfuna kuwa magana ce daban, kuma mai tallar da ya haɗa su ukun a layi ɗaya ya rufe da cewa ba sa shafar hoto, ya cuɗa mai sauƙi da mai nauyi ne da gangan.

Malamanmu na zaure sun san mas'alar sayen abin da ba a gani ba tun kafin a ƙera kamara. A mazhabar Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, har Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo batun sayen kayan da ke ɗaure cikin dila bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Sharaɗin shi ne siffar ta zama sananniya, in kaya suka saɓa mata kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Fataken da suka bi hanyar Agadas da Gadamas da irin wannan amana suka yi ciniki. A wannan ma'auni, alamar tarawa biyar ba siffa ba ce. Ƙidayar shota siffa ce, domin lamba ce da ke cikin kamarar, tana nuna sau nawa labulenta ya buɗe ya rufe, kuma ana iya gwada ta da abin da maƙera suka ƙiyasta: Canon 5D Mark III, alal misali, an ƙiyasta mata 150,000.

Ita kamarar ma tana sauya suna in ta tsallaka teku. Wadda Canon ta fitar a 2011 ta kira 600D a Turai, ita ce Rebel T3i a Amurka, ita ce Kiss X5 a Japan. Inji ɗaya ne, tambarin goshi ne ya bambanta. Na ga wanda ya ƙi sayen Kiss don ya zaci jabu ce. Amma akwai bambancin da yake na gaske: yawancin kamarorin Sony da aka yi wa kasuwar cikin Japan da Japananci kaɗai suke magana, babu inda za ka latsa su koma Ingilishi.

Daga nan sai bakin iyaka, inda suna yake zama kuɗi tsagwaronsa. Mu harajin kwastan kuɗin fito muke ce masa, tun zamanin da mai kwalekwale ke fitar da fatake hayin kogi a biya shi. Jami'in kwastan ba ruwansa da mint ko janku. Lamba yake nema daga tsarin bai-ɗaya na Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels, wanda ya fara aiki a 1988: kamarar dijital tana ƙarƙashin 8525, mai fim tana 9006, gilashi shi kaɗai yana 9002. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyon ɗaurin aure da irin waɗannan kamarori na shekarun baya ya san takaicin yadda suke yankewa a minti 29 da daƙiƙa 59. Babban dalilin suna ne. A dokar Tarayyar Turai, na'urar da ke iya ɗaukar minti 30 a jere ta tashi daga kamarar hoto ta zama kamarar bidiyo, ita kuwa a lokacin akwai haraji a kanta. Sai maƙera suka datse daƙiƙa ɗaya don su tsira da sunan farko. An kawar da harajin daga baya, amma tsofaffin kamarorin da ke zuwa hannun yaranmu har yau suna ɗauke da wannan tabo, a garin da dokar ba ta taɓa shafa ba.

Batir ma haka. In yana cikin kamara lambarsa UN3481, in shi kaɗai ne UN3480, kuma tun 2016 aka hana loda na biyun a matsayin kaya cikin jirgin fasinja saboda haɗarin gobara. Don haka ne za ka ga mai talla ya ce babu batir, ba don rowa ba.

Kalmar da ta fi damuna ita ce kyauta. A takardar kwastan ta gidan waya, CN22 ko CN23, akwai gurbin da mai aikawa zai nuna ko kayan na sayarwa ne ko kyauta, da gurbin ƙimarsu. Masu saye da yawa kan roƙi a rubuta kyauta, a kuma rage ƙima, don fito ya yi sauƙi. Na fahimci matsin, kuɗin waje ya yi tsada kuma ribar mai hoto ba ta da yawa. Amma ƙarya ce aka sa wa hannu, kuma in kunshin ya ɓace ko ya fashe, diyyar ba za ta wuce abin da aka rubuta ba. Wanda ya nemi ɗan kasuwa ya yi wa kwastan ƙarya dominsa, da wane baki zai tuhume shi in ya yi masa ƙarya a kan hazo?

Na ce wa yaron ya rubuta wa mai kayan, ya roƙe shi ya haska tocila ta bayan gilashin ya turo hoton. Amsar ba ta zo ba. Ya haƙura da shi, ya sayi wani daga mai tallar da ya rubuta cewa akwai ƙarce a jikin ƙarfen ta gefen hagu, gilashin kuma garau yake. Da kunshin ya iso muka buɗe tare, ya juya shi ya nemo ƙarcen, ya same shi daidai inda aka ce. Bayan wata biyu ya tashi sayar da tsohuwar kamararsa ga wani mai hoto a Maraɗi. Na ga saƙon da ya tura masa: ta hannu ce, robar maƙamar ta fara ɗagowa, ga ƙidayar shota, batir ɗaya ne kuma ba ya kai yini.