Tarihin Gawayin da Ke Tace Ruwa: Daga Juji Zuwa Famfo

Kowa ya san gawayi. Mata suna girki da shi, maƙera suna hura wuta da shi, mai guga kuma yana zuba shi a dutsen guga. Amma mutane kaɗan ne suka san cewa a manyan birane da yawa na duniya, ruwan famfo sai ya ratsa cikin gawayi kafin ya kai gidaje. Abin mamaki kuwa shi ne, a tsawon tarihinsa, sau da yawa daga abin da aka zubar a juji aka yi wannan gawayi: ƙasusuwan mahauta, ƙwallayen 'ya'yan itace, da ƙoƙon kwakwa.

Dattin ruwa iri-iri ne. Akwai laka, wadda takan kwanta in an bar ruwa a randa ko an sa masa alif. Akwai ƙwayoyin cuta, waɗanda tafasawa ke kashewa. Akwai kuma na uku, wato dattin da ya narke cikin ruwa ya zama ɗaya da shi, kamar ruɓaɓɓen ganye, rini, man fetur da maganin ƙwari. Tsumma ba ya tare irin wannan, yashi ma ba ya tare yawancinsa. A nan ne gawayi ya sami aikinsa.

A shekara ta 1785, wani mai haɗa magunguna a birnin Santa Fitasbag na ƙasar Rasha, mai suna Tobias Lowitz, ya lura cewa in ya zuba garin gawayi cikin ruwan magani mai launi, sai launin ya tafi. Ya ci gaba da gwaji, har ya nuna cewa gawayi yana ɗauke ɗoyin ruɓaɓɓen ruwa. Wannan ya zama babban labari ga matuƙan jiragen ruwa, gama sukan yi watanni a teku suna shan ruwan da ya lalace a cikin gangunan katako.

Masu yin sukari ne suka fara cin ribar wannan sani. Ruwan rake ja ne, masu saye kuwa fari suke so. A 1811 wani Bafaranshe mai suna Figuier ya gano cewa gawayin ƙashi ya fi na itace cire launi nesa ba kusa ba. A lokacin Faransa tana yaƙi da Ingila, jiragen Ingila sun tare hanyar sukarin rake, sai Napoleon ya ba da umurni a noma wata saiwa mai zaƙi a riƙa yin sukari da ita. Daga 1812 masana'antun Faransa suka soma tace ruwan sukari da ƙonannen ƙashi. Nan da nan ƙashin da mahauta ke jefa wa karnuka ya zama abin sayarwa.

Wannan ciniki yana da nasa labari mai ban tausayi. A Amurka, tsakanin 1870 da 1890, mafarauta sun karkashe ɓaunar ƙasar miliyoyi saboda fata, har waɗanda suka rage a daji ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ƙabilun asali na ƙasar, waɗanda abincinsu da suturarsu suka dogara ga ɓaunar, suka shiga yunwa. Talakawan manoma suka bi fili suna tsintar ƙasusuwan, jirgin ƙasa yana kai su birane kamar Ditroit, inda ake ƙone su domin tace sukari da yin taki.

Mataki na biyu ya zo a 1900 da 1901, sa'ad da wani masani mai suna Raphael von Ostrejko ya yi rajistar hanyar ƙara wa gawayi ƙarfi. Ana gasa shi cikin tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, ana busa masa tururi. Tururin yana cinye wani sashe na gawayin, ya bar ƙananan ramuka marasa iyaka waɗanda ido ba ya gani. In da za a shimfiɗa bangayen ramukan da ke cikin giram 1 na irin wannan gyararren gawayi, za su iya rufe murabba'in mita 1,000. Wato cike da cokalin shayi uku ya yi faɗin filin ƙwallo. Ruwa yana wucewa, dattin da ya narke cikinsa kuwa yana manne wa bangayen.

Yaƙi ne ya sa aka yi shi da yawa. A watan Afrilu na 1915, sojojin Jamus suka saki iskar guba ta kulorin a kusa da garin Ifar na ƙasar Beljiyam. A wannan shekara masanin Rasha Nikolai Zelinsky ya ƙera abin rufe fuska mai gawayi a ciki domin tace iska. Da aka gwada itatuwa dabam-dabam, sai aka tarar ƙoƙon kwakwa ya fi duka, domin yana da tauri kuma ramukansa ƙanana ne ƙwarai. Da kwakwa ta yi ƙaranci, a 1918 gwamnatin Amurka ta roƙi jama'a su tara ƙwallayen 'ya'yan itace da ɓawo mai tauri. Aka ajiye ganguna a makarantu da kantuna, yara suna kawo abin da dā ake watsarwa.

Bayan yaƙi masana'antun suka nemi sabuwar kasuwa, suka same ta a gidajen ruwa. Garin Ham na Jamus ya sa matatar gyararren gawayi a 1929, garin Be Siti na Amurka ya bi baya a 1930. A lokacin, wari da ɗanɗano ne kawai damuwarsu. Sai a 1974 wani ma'aikacin gidan ruwa na birnin Rotadam a ƙasar Holan, Johannes Rook, ya nuna cewa kulorin da ake sa wa ruwa domin kashe ƙwayoyin cuta yana haɗuwa da ragowar ruɓaɓɓen ganye ya haifi sinadarai masu lahani ga jiki. Daina kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ba zai yiwu ba, gama kwalara za ta iya dawowa. Ɗaya daga cikin hanyoyin magance wannan ita ce a cire dattin tukuna. Saboda haka a 1992 birnin Sinsinati, wanda ke shan ruwan kogin Ohayo mai bi ta gaban masana'antu, ya buɗe babbar matatar gawayi, tare da tanderun sake gasa shi in ya cika.

Ƙasashe masu kwakwa ma ba a bar su a baya ba. A Siri Lanka an kafa kamfanin Haycarb a 1973, yana mai da ƙoƙon kwakwa gyararren gawayi yana sayar wa duniya. Indiya da Filifin da Indonesiya su ma suna cikin manyan masu yinsa. A jami'o'in Afirka ta Yamma kuwa, masana sun gwada ɓawon gyaɗa, totuwar masara, buntun shinkafa da ƙwallon kwakwar manja, suka ga suna cire rini da wasu sinadarai daga ruwa. Irin waɗannan abubuwa ne ake tarawa tsibi-tsibi ana cinna musu wuta a bayan gari.

Duk da haka tarihin yana da gargaɗi. Gawayin girki yana rage wari, amma ƙarfinsa bai kama ƙafar gyararren gawayi ba. Na biyu, gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, har ma sukan hayayyafa a cikinsa in ya daɗe. Na uku, ramukansa suna cika, kuma in sun cika sai dattin ya wuce kai tsaye alhali ruwan yana nan garau a ido. Gidan da ke da matatar gawayi, wajibi ne a riƙa canja gawayin a kan lokaci, a kuma tafasa ruwan ko a sa masa kulorin kafin a ba yara su sha.