Awon gyaɗa

Awon gyaɗa shi ne hanyar gane yawan gyaɗa ko dai ta nauyi, wato giram da kilo, ko ta cikar mazubi kamar mudu, kwano, kofi da gwangwani. Littattafan girki da shafukan intanet sukan ba da adadi a giram, alhali a kasuwannin cikin birnin Kano, irin su Kurmi da Rimi, da mazubi ake sayar da gyaɗa. Saboda haka mai dama kunun gyaɗa ko mai yin miyar taushe takan buƙaci mayar da wannan awo zuwa wancan.

Ma'aunai a Kano

Kalmar mudu aro ce daga Larabci, daga "mudd", awon da ake fitar da zakkar fidda kai da shi, mudu huɗu a kan kowane mutum. Mudun kasuwa ya fi wannan girma, kuma girmansa yana bambanta daga gari zuwa gari. A Kano an fi auna hatsi da tiya, wadda ake ce wa kwano. 'Yan kasuwa sukan lissafa buhun masara mai kilo 100 a kan kwano 40, wato kilo biyu da rabi kowane kwano. Gyaɗa ba ta kai masara nauyi ba, don haka kwanon ɓararriyar gyaɗa bai cika wuce kilo biyu da 'yar ɗoriya ba.

Lissafi

Kofin da littattafan girkin Amurka ke nufi yana cin kusan mililita 240. Idan aka cika shi a shafe da ɓararriyar ɗanyar gyaɗa, nauyinta kimanin giram 146 ne. Ke nan kilo ɗaya ya kusa kofi bakwai, lita ɗaya kuwa ta ɗan haura giram 600. Ƙaramin gwangwanin madara, wanda ya fi kofin awo samuwa a gidaje, yana ɗaukar wajen giram 100. Adadin da aka rubuta a jikin gwangwanin nauyin madara ne, bai shafi gyaɗa ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen markaɗe. Tsakanin ƙwayoyin gyaɗa akwai sarari, markaɗe kuma yana kawar da shi, shi ya sa kofin markaɗaɗɗiyar gyaɗa yake kai giram 258. Wadda aka ce ta zuba kofi ɗaya na ƙwaya, ta zuba kofi ɗaya na markaɗaɗɗiya, ta kusa ninka abin da ake so, kunu ko miya su yi kauri da maiƙo. Gyaɗa mai ɓawo kuma sai an cire kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta, domin ɓawo ne.

Abin da ke sauya awo

A kasuwa mudu da tozo ake cika shi, wani lokaci har da gyara, littafin girki kuwa a shafe yake nufi. Sabuwar gyaɗar kaka tana da danshi, ta fi wadda ta bushe nauyi. Akwai kuma bugaggen kwano, wanda aka lotsa gindinsa don a tauye mai saye. A girkin gida bambancin giram goma ba ya ɓata miya, amma ga mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na sayarwa, wadda ribarta ke rataye a kan kowane kwano, sikeli ya fi tabbas.