Bindigar Toka da Maƙeran Ƙasarmu

Jama'a, bindigar toka da muka saba gani a kafaɗar maharban Funtua da Malumfashi asalinta baƙuwa ce. Fataken Turai, har da mutanen Danmak da ke zaune a Ankara, su suka riƙa sayar da ita a bakin teku. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal, suka taƙaita sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, amma suka bar ta ƙanƙara. Saboda haka ita ta zauna hannun talaka, yana farauta, yana korar birai daga gona.

To, babban abokin gābar ƙarfe tsatsa ne. Raɓar damina na cinsa daga waje, dattin albarushi kuwa na jawo laima daga ciki. Bindigar da tsatsa ya rarake takan fashe a hannun mai ita. Nan maƙeri ya nuna gwaninta. Sai ya kankare tsatsa, ya ɗumama ƙarfen a wuta, ya shafe shi da mai, har ya yi baƙin rufi wanda ke tsare shi daga ruwa.

Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙira ko gyaran bindiga sai da izinin hukuma. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a 2020 kuwa, kowa ya ga dalili. Lalle hikimar ba ta ɓace ba, gama man da ya tsare bindiga shi ke tsare fartanya da garma. Mu roƙi maƙeranmu su mai da ita can.