Haɗeja a Kan Hanyar Matafiya

Garin Haɗeja yana gaɓar arewa ta kogin da ake kira da sunansa, a gabashin Jihar Jigawa. Kogin Kano da na Chalawa ne suka haɗu suka haifi wannan ruwa, wanda ke bazuwa cikin fadamu har zuwa Nguru. Shinkafa da kifi da kiwon rani su suka tara jama'a a nan, amma hanyar fatake daga Kano zuwa Borno ita ta ba garin suna.

Kafin jihadi, ƙasar a rarrabe take tsakanin ƙananan sarautu irin su Auyo da Garun Gabas, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai. Sarki Sambo, wanda ya hau mulki a 1808, shi ya mayar da Haɗeja babban birnin masarauta, ya faɗaɗa ganuwarta. Ɗansa Buhari ya bijire wa Sakkwato, ya yi ta kai hari ƙasashen maƙwabta har ya rasu a 1863. A zamaninsa ayari ba ya bin wannan hanya sai da shiri, kuma matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya ji labarinsa sa'ad da yake tafiya daga Kano zuwa Kukawa ta Borno a 1851.

Baƙon da ya shigo birnin da kansa shi ne hafsan sojan Faransa, Monteil. Ya taso a 1890 daga Saint-Louis, tsohon garin Faransawa da ke bakin Kogin Sanagal, ya bi ta Say da Sakkwato da Kano, ya yada zango a Haɗeja a farkon 1892 zamanin Sarki Muhammadu, sannan ya wuce Kukawa. Ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba. Faransa da Ingila sun riga sun shata layi a takarda daga Say zuwa Tafkin Chadi tun 1890, shi kuma an aiko shi ya gano abin da ke ƙasa.

Rabon bai faɗa wa Faransa ba. Turawan Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi a Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Iyakar Faransa da Ingila ta tsaya can ƙasa, bayan ruwan Haɗeja da na Jama'are sun zama Komadugu Yobe. Garuruwan Difa da Boso na Nijar, waɗanda suka gaji makaranta da ofis na Faransanci, a bakin wannan ruwa suke.

Daga baya hanyar kanta ta kauce. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, da aka gama a 1930, ya bi ta Malam Madori ya bar Haɗeja a gefe. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Chalawa ta 1992 kuma sun rage ambaliyar da fadamu ke dogaro da ita.