Fadar Azm: Tsohon Gidan da Gyaransa Ya Ci Lambar Yabo

Fadar Azm katafaren gida ne a tsohon birnin Dimashƙa na ƙasar Siriya, wanda gwamnan Daular Usmaniyya, As'ad Pasha al-Azm, ya gina a tsakiyar ƙarni na 18. Ginin ya yi mummunar lalacewa a 1925, lokacin boren Siriyawa kan mulkin Faransa.

Da aka tashi gyara, masu aikin sun sayo duwatsu da kayan ado daga gidajen zamaninsa waɗanda ake rushewa domin shimfiɗa tituna, don kada a ɓata asalin kamanninsa. An mayar da fadar gidan tarihin al'adun gargajiya a 1954, kuma gyaran ya samu lambar yabo ta Aga Khan kan gine-gine a 1983.