Ina Kwalbar Mayarwa Ta Tafi?

Ga shirin wannan makon a rubuce, domin waɗanda data ta hana su saurara.

Ina yaro, in aka aike ni sayen lemo, mai kanti ba ya sakin kwalba sai na ajiye kuɗin kwalba ko na kawo fanko. Motar kamfani ta zo ta kwashe kiret-kiret, a wanke, a sake cikawa. Ba wanda ya kira wannan kare muhalli. Kwalba dukiyar kamfani ce, shi ya sa yake bin sawunta.

A Amurka ma haka ake yi, kafin gwangwani da kwalbar sha-ka-yar su yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu. A 1953 jihar Vermont ta hana sayar da giya a kwalbar da ba a mayarwa, saboda manoma sun koka cewa fasassun kwalabe na shiga abincin shanunsu. A shekarar nan dai masu ƙera gwangwani da kwalabe, tare da kamfanonin abin sha, suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful. Saƙonta ɗaya ne: laifin mai yar da shara ne. Mai ƙera sharar fa? Shiru. Dokar Vermont kuwa shekara huɗu ta yi aka bar ta ta mutu.

A 1971 suka saki tallan nan na wani ɗan asalin Amurka yana zubar da hawaye don an watso masa shara a ƙafa. Wallahi tallan na taɓa zuciya, sai dai ɗan wasan ma asalinsa ɗan Italiya ne. A shekarar jihar Oregon ta sa dokar ajiye kuɗin kwalba, kamfanoni suka yi ta yaƙarta.

Sai gorar roba ta iso kasuwa a ƙarshen shekarun 1970. Daga nan magana ta koma sake narka roba, aikin da gari ke biyan kuɗin kwasarsa, ba kamfani ba.

Ba na cewa duk alkawuransu ƙarya ne, amma ku duba wannan. A 2022 Coca-Cola ya ce zuwa 2030 kashi 25 cikin ɗari na abin shansa zai fito a mazubin da ake sake cikawa. A Disamban 2024 ya fitar da sabbin manufofi, babu wannan alkawarin a ciki.

A unguwarmu dai, masu kwashe gorunan nan 'yan jari-bola ne da ke sayarwa a kilo, sai iyayenmu mata da ke wanke su a zuba zoɓo da kunun aya. Wanda ya kuɓuce musu, sai damina ta zo mu tsamo shi a kwalbati da shebur.