Yadda Shinkafa Ta Zama Abincin Aladu a Japan

Ko da yake naman alade haramun ne a shari'armu, tarihin yadda mutanen Japan suka soma ciyar da aladunsu da shinkafa maimakon masara ya cancanci nazari, domin kuwa darajar shinkafa a wurinsu ta wuce ta abinci. A zamanin mulkin Edo da ita talaka yake biyan haraji, da ita ake ƙiyasta arzikin hakimai, da ita kuma ake ba mayaƙa haƙƙinsu, har ya zamana barin ƙwaya ɗaya a kwano rashin ladabi ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ɗabi'ar jama'a ta sake, burodi da nama da madara suka shiga gidaje. A 1962 mutum guda yakan ci kilo 118 na shinkafa a shekara, daga nan kuwa abin ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da rabi. Da rumbuna suka cika maƙil, sai hukuma ta ƙaddamar da tsarin rage noma a farkon shekarun 1970, tana biyan manomi don ya bar wani sashe na fadamarsa, alhali jiragen ruwa suna ta sauke masarar waje, galibi ta Amurka, har ta kai kimanin tan miliyan 15 a shekara, mafi yawanta don dabbobi. Fadama a kwance, dukiya tana fita: wannan shi ne abin da ya dami masu hankalinsu.

A lardin Yamagata, tun cikin shekarun 1990, kamfanin kiwo na Hirata ya haɗa kai da manoma da ƙungiyar masu saye ta Seikatsu Club, aka fara gauraya shinkafa cikin abincin aladu. Aka tarar cewa idan an cire ƙaiƙayi an niƙa, amfaninta a jikin dabba bai gaza na masara ba, kitsen ma yakan fi fari. Illarta ɗaya ce, tsada. Sai da masara ta yi tashin gwauron zabo a 2008 hukuma ta rungumi al'amarin sosai, daga 2010 ta riƙa ba da tallafin yen 800,000 a kowace hekta ta shinkafar dabbobi, har gonakin irin wannan shinkafa suka kai kimanin hekta 142,000 a 2022.

A ganina babbar fa'idar tana ga fadamun da aka raya, saboda fadamar da aka yasar, madatsanta suka rushe, magudananta suka toshe, farfaɗo da ita yakan ci shekaru. Da ƙarancin shinkafa ya auku a 2024, farashi ya yi ta hawa har ya ninka, manoma da dama suka mayar da waɗannan gonaki ga noman abincin mutane a daminar da ta biyo baya.